Gugan da Mansura Ta Bari a Dandali

Basirka

Malam Abdulsalami,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan su Inna suna lafiya.

Malam, an hana ni shiga dandalin lissafin nan na intanet da ka nuna mini kafin a mayar da kai Birnin Kudu. Ka san ba a rubuta lissafi a can sai da dogayen umarnin kwamfuta, ga gilashin wayata a fashe. Sai na ƙirƙiri gajeru nawa, harafi ɗaya a madadin layi guda. Na sa su a kan tambayata, can saman shafi, don kowa ya amfana. Mu nan wanda ya kai guga rijiya ai bari yake yi kowa ya ja.

Har yau ba a turo mana malamin lissafi ba, jarrabawa kuma ta matso. Mene ne laifina?

Ɗalibarka,
Mansura

Birnin Kudu

'Yata Mansura,

Wa alaikumus salam. Na duba shafin, kuma dabararki ta burge ni, ban taɓa koya miki ita ba. Sai dai ɗaya daga cikin gajerun sunansa ɗaya da wani umarni da kowa ke amfani da shi, ya danne shi, duk amsoshin mutane da ke ƙasa suka hargitse. Ladabin wurin shi ne ki killace naki a cikin rubutunki, kada ki sa a saman shafi, kada ki taɓa sunan umarnin da kika tarar.

Na rubuta wa masu kula da dandalin, har da bayanin guga. Sun amsa da layi ɗaya, wai hukuncin yana nan sai bayan damina. Na sake rubutawa, shiru. Ki riƙa ba Ɗanbala direba tambayoyinki ya kawo mini. Kada ki karaya, kanki yana ja.

Allah ya yi miki albarka.
Malaminki

Basirka

Malam,

Ina gaisuwa, na gode. Ruwa ya cinye hanya, Ɗanbala ya daina zuwa. An yi jarrabawar, rabin takardata fara na miƙa.

Na ba ƙanwata Sa'adiyya wayar, ta yi rajista da sunanta a dandalin. Na ce mata ta ɗebi abin da ya kai ta, kada ta bar wa kowa komai.

A gaida su Inna.
Mansura