Na hana zomaye ruwa, ashe ana ba su a bayan idona

Malama Hamna, don Allah ki taimaka mini da shawara, kuma ki sakaya sunana, domin rabin mutanen Barade sun san ni.

Ni tsohon direba ne, na yi shekara talatin da biyu ina jan motar gwamnati a nan Jalingo kafin na yi ritaya. Autarmu Suwaiba ta tafi bautar ƙasa Kudu, ta bar mini amanar zomayenta biyu, Alawa da Ɗan Gayu. Ba na yanka ba ne, zomayen gata ne. Kunya ce kawai ta hana ta goya su. Ranar tafiyarta ba ta yi kukan rabuwa da ni ba, sai da ta tsaya gaban kejinsu. Ta ce in kula da ganyensu da ruwansu. Na ce to.

Motarsu na tashi na ɗauke kwanon ruwan. Kada ki yi saurin yanke mini hukunci, Malama. A Iware na tashi, kuma tun muna yara manya ke gaya mana zomo ba ya shan ruwa, ruwan cikin ganye ya ishe shi, in ma ya sha gudawa ce za ta kashe shi. Kakana maharbi ne, ya ce har ya tsufa bai taɓa ganin zomo a bakin rafi ba. Na ce a raina 'yan boko ne da ƙaƙale, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Mai ɗakina, Fanta, ta ɗan yi magana, na ce ta tsaya a kan girkinta. Ta yi shiru. Da na san irin shirun ne, da na ji tsoro.

Wata uku cur zomayen nan sai ƙiba suke, gashinsu sai sheƙi. Ni kuwa na samu abin faɗa. Kullum da hantsi in na je majalisarmu ta ƙarƙashin darbejiya sai na ba da labari, har na riƙa jan mutane gida su gani da idonsu: ga zomaye ɓul-ɓul, ga keji babu ko ɗigon ruwa. Har suna suka sa mini, Likitan Zomo, ni kuma ina amsawa da fara'a.

Cikin waɗanda suka gani har da aminina Maishanu na Sintali, wanda tun muna samari muke tare. Jikarsa tana da zomaye uku, ɗaya ma ta haihu. Makon jiya ya gaya mini ya bi shawarata, ya kwashe musu kwanuka, yarinyar ta yi kuka ya ce mata ai Likita ne ya faɗa. Kin kuma san zafin Jalingo a watan Maris, ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana.

To shekaranjiya na fita majalisa, na kai bakin titi na tuna na bar rediyona, na koma. Me zan gani? Fanta a tsugune gaban keji, ga wani kasko da ban taɓa gani ba, Alawa da Ɗan Gayu sun kafa kai suna sha kamar ba gobe. Abin da ya fi ƙona mini rai, daga tuluna take zubawa, ruwan da ake tafasa mini tun da na yi taifot. Wata uku ina faɗan ruwana na saurin ƙarewa, har na zargi tulun da yoyo! Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce tun ranar farko take yi, in na fita ta ajiye, in ta ji tarina a zaure ta ɗauke, da la'asar ma haka. Ta ce ba za ta yi musu da ni ba, ba kuma za ta zuba ido dabbobin 'yarta su mutu ba. Sai ta miƙo mini rediyon.

Malama, na ji kunya, wallahi na ji kunya. Jiya ban je majalisa ba, na ce ƙafa ke ciwo. Zuciyata na ce mini in bar kaza cikin gashinta, in na tona sai su yi shekara suna mini dariya, musamman Benjamin tela, wanda ba ya barin ta kwana. Amma zomayen gidan Maishanu sun tsaya mini a rai, don shi matarsa ta rasu, ba shi da Fanta. Shin da gaske zomo na buƙatar ruwa, ko dai nawa ne suka saba? In yana buƙata, wane iri? Kuma ita Fanta, ba ta yi mini laifi ba?

Naki, Tsohon Direba, Barade.

Baba Direba, na gode da wasiƙarka. Na yi dariya, amma ba dariyar raini ba, domin ba kowane dattijo ke iya zama ya rubuta cewa ya yi kuskure ba.

Amsa a taƙaice: zomo yana shan ruwa, kuma rashinsa na kashe shi. Kakanka bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa. Zomon daji yana fita da sanyin safiya ya ci ciyawa mai raɓa, in rana ta take ya kwanta a inuwa. Na keji ba shi da wannan zaɓin, abin da aka ajiye masa shi ne duniyarsa. Ganyen dankali da aka yanko tun safe kuwa, kafin azahar ya yi yaushi.

Batun wane ruwa, ƙa'idar ɗaya ce: wanda kai ba za ka sha ba, kada ka ba su. Ba dole sai tafasasshe ba, ruwan famfo ko na burtsatse mai tsabta ya isa. In na rijiya ne ko na 'yan garuwa da ba ka yarda da shi ba, a tafasa a bar shi ya huce. Kasko mai nauyi ya fi kwano, ba sa iya kifar da shi, kuma ruwa ya fi sanyi a ciki. A ajiye shi a inuwa, ya zauna a kejin kullum, ba sai ka fita ba. A canja safe da yamma, a wanke kaskon kafin ya yi gansakuka, a ɗauraye sabulu tas. Kada a kuskura a ɗebo musu ruwa a jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko fetur, ko an wanke ta.

Hajiya Fanta kuwa, gaskiya da ta fito fili tun da ta ji kana tara mutane, da abin bai kai gidan wani ba. Wannan laifin nata ne. Amma ka tuna ta yi magana, kai ka tura ta kicin. Ta tsare amanar 'yarku, ta kuma tsare girmanka gwargwadon iyawarta. Ka gode mata, ka kuma nemi afuwar tulun da ka yi wa ƙazafi.

Yanzu abin gaggawa. Zomanya mai shayarwa ta fi kowa buƙatar ruwa, in babu nononta zai ƙafe, 'ya'yan su bi. Kada ka jira majalisa, yau ɗin nan ka hau Keke Napep zuwa Sintali. A ajiye musu ruwa su sha da kansu, kada a ɗura musu, a kuma yayyafa wa ganyensu. In ka ga ɗaya ya daina ci, ko ya kwanta lakwas, ko kashinsa ya ƙanƙance ya bushe, a kai shi wurin likitan dabbobi ba tare da ɓata lokaci ba.

Gobe kuma ka je ƙarƙashin darbejiyar ka ba da labarin da bakinka, tun daga rediyo har tulu. Za su yi dariya, Benjamin ma zai fi kowa, amma wanda ya riga kowa yi wa kansa dariya ya rage wa masu tsokana aiki. Shekara talatin da biyu kana tuƙi, ka san direban kirki in ya ɓata hanya juyawa yake yi, balle da fasinja a baya.

Dariya ba ta taɓa kashe dattijo ba, Baba, amma ƙishirwa na kashe zomo. Ka sayi kasko a hanya, ka miƙa wa jikar Maishanu da hannunka, ka gaya mata ita ce da gaskiya. Allah ya raya zomayen, ya dawo da Suwaiba lafiya, ya bar ka da Hajiya Fanta.

Malama Hamna