Zuwa ga Mushe Kosi, Malamin da Aka Kora Kafin Jarrabawarmu

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, in kana raye. Ni ne Isufu na Gazawa, ɗalibinka a ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, a Yamai, shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai.

Lokacin ƙasarmu ba ta da jami'a. Wanda ya ci jarrabawar ƙarshe ta bak sai a tura shi Dakar ko Abijan, kuma ba mu san yadda ake nema ba. Kai ka riƙa tara mu bayan an tashi lakol, kana faɗa mana abin da ake karantawa a can. Ni duk fannin da ka ambata sai in ce shi nike so, har ka yi dariya ka ce in daina sauri.

Ka tuna zuwanka Gazawa a bayan kamyo, babbar motar kaya, tsakanin buhunan gyaɗa? Baba ya ƙi yarda in ƙetare ƙasa. Ka zauna bisa tabarmarsa da Hausarka mai gargada, ka sha fura, ka wuni kana lallashi. Da la'asar ya ce, "Na ba ka shi, kai ne ubansa a can."

A hanyar komawa ka ce mini, "Na gane abin da ya dace da kai. Bayan hutu za mu zauna."

Na dawo hutu na tarar da ƙofarka a buɗe, ɗaki wayam. Aka ce gwamnati ta sallami mutanen Dahome, ku duka. Wasu 'yan ajinmu suna murna wai gurabe sun buɗe wa 'yan ƙasa. Ni ma ɗan ƙasa ne, Mushe, amma na rasa ko murna zan yi ko kuka. Har yau ban sani ba.

Da sabon darekta ya tambaye ni abin da na zaɓa, sai na ga shanun Gazawa a idona, na ce likitan dabbobi. Na je Dakar, na gama, na dawo. Baba kuwa har ya rasu yana gaya wa mutane kai ka zaɓa mini. Ban gyara masa ba, don wataƙila gaskiya ya faɗa.

Na rubuta maka sau da yawa, ba amsa. Yanzu jikata ce ke ajin ƙarshe, ta zo tana tambayata me za ta karanta. Na buɗe baki in ce ta jira, sai na fasa. Na ja mata kujera, muka zauna a take.

Allah ya saka maka da alheri duk inda kake, ya sa 'ya'yanka su samu mai tsaya musu a ƙasar da ba tasu ba.

Ɗanka,
Isufu