Wa'adin Ɗaukaka Ƙara

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
9 ga Oktoba, 2024

Yayata abar ƙauna, Miriam,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara da dukan mutanen Zonkwa. Yaya ciwon ƙafar? Na koma rubutu ne don in na kira ki a waya, ni ina kuka ke kina tambayar me na ce, har katina ya ƙare. Ki sa tabarau ki zauna.

Yaya, an yanke hukunci. Kotun majistare ta ba Izunna, mijin marigayiya Laraba, riƙon 'yarsu Joy. Alƙaliyar ta ce shi ne uba, yana da sana'a da matsuguni a Aba, kuma ba wanda ya nuna zai cutar da ita. Ni kuwa da na karɓe ta tana tsumman goyo ranar da muka binne ƙanwarmu Laraba, ba ni da takarda ko ɗaya. Wa yake rubuta takarda a gidan makoki? Shi da kansa ya ɗora min ita a cinya ya ce in riƙe, yau shekara tara. Ba zan yi masa ƙarya ba, yakan aiko da kayan Kirsimeti. Amma bai san gyaɗa na sa ta ƙuraje ba. Sauƙin abin, an bar ta a hannuna har hutun Ista, saboda makaranta.

Barista Titilope, 'yar cocinmu, ta zaunar da ni ta yi min bayani kamar yadda nake yi wa 'yan aji biyu. Takardu biyu za mu kai Babbar Kotu: ta ɗaukaka ƙara, da ta roƙon a dakatar da zartar da hukunci, wato kada a ɗauki yarinya kafin a saurare mu. Kowacce da kuɗinta: na shigarwa, na hatimi, na kwafin bayanan shari'a, har da na kai wa Izunna sammaci. Ta ce takarda ba ta zama ƙara sai an biya an ba da rasit. Ta kuma ja min kunne cewa akwai wa'adi, in ya wuce an rufe ƙofa. Na kwashi adashi, kuɗin suna ɗaure, ranar Litinin za mu je.

Ki sa mu a addu'a. Joy na gaishe ki, ba ta san komai ba tukuna.

Ƙanwarki,
Rifkatu

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
27 ga Oktoba, 2024

Yaya Miriam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya gida, ya aikin gona? Na ga saƙon daddawa, Allah ya ƙara buɗi.

Ban je kotun ba. Ranar Lahadi, ana gobe za mu je, bayan sujada Baba Zakariyya ya zo har gida da sandarsa. Kin san shi, ƙanen Baba ne kuma shi ne babba a taron mutanen garinmu na Kano, in ya yi magana ko ƙuda ba ya motsi. Ya ce Izunna ya kai mu kotu don baƙo ne, amma in mu muka maka suruki a kotu alhali dattawa ba su zauna ba, mun tozarta kabarin Laraba. Ya ce a wurinmu maganar ɗa ba ta alƙali ba ce, ta kawunnai ce. Za a kira dangin Izunna, a yanka akuya, a roƙe su a bainar jama'a, kuma bai taɓa ganin wanda ya ci naman zama ya ƙi roƙon dattawa ba.

Na ambaci wa'adi. Ya ce kawunnanmu ba za su bar citta a ƙasa su taho Kano ba, sai an gama tono an shanya, ita ma kotu ai 'yan Adam ne a ciki, sun san kaka. Filibus, mijin nan nawa da ba ya iya musu da mai furfura, ya yi ta gyaɗa kai har na ji tsoron wuyansa.

Barista ta roƙe ni in shigar ko a ɓoye. Yaya za a ɓoye abin da za a kai wa mutum sammacinsa har Aba? Kuɗin da na ɗaure, da su aka sayi akuya da lemo da kuɗin motar kawunnai. Ga akuyar nan ɗaure a bayan ɗaki, Joy ce ke ba ta dusa. Amma Yaya, da wane baki zan ce wa Baba Zakariyya a'a?

Taki,
Rifkatu

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
2 ga Fabrairu, 2025

Yayata,

Ina gaisuwa, ina kuma yi muku barka da sabuwar shekara, ko da yake ta tsufa. Ki yafe min shirun, hannuna ne ya ƙi biro.

An yi zaman bayan Kirsimeti, a gidan Baba Zakariyya a Unguwar Gano. Dangin Izunna sun zo su huɗu, mutanen kirki, suka durƙusa suka gaida kowa. Suka ci, suka sha, suka saurari roƙo har ƙarshe. Sannan babbansu ya tashi ya gode min da na raina musu 'ya, ya ce su ma a wurinsu ɗa na gidan ubansa ne, ga kotu ma ta faɗa. Baba Zakariyya ya yi ta kallon ƙasa. Tun ranar bai tako gidana ba, kuma ban neme shi ba, don in na buɗe baki zan yi zunubi.

Wa'adin ya wuce tun cikin Nuwamba. Barista ta ce saura hanya ɗaya, roƙon ƙarin lokaci. Shi ma da kuɗinsa, ga tarar jinkiri a kan kowace rana da ta wuce, har ranakun da akuya take cin dusa. Zumuntar matan coci ce ta tara min. Aka ce in yi takardar rantsuwa in faɗi abin da ya tsare ni. Barista ta tambaye ni ko na kwanta asibiti, ko na yi wata tafiya. Na ce lafiyata ƙalau, citta nake jira. Ta dafe kai, ta rubuta haka. Na ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki na rantse.

Joy ta sani yanzu. Ba ta yi kuka ba, sai dai ta daina zuwa wasa, duk inda na sa ƙafa tana bayana. Ranar ashirin ga wata za a saurari roƙon. Ki yi azumi tare da ni.

Rifkatu

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
15 ga Afrilu, 2025

Yaya Miriam,

Ina fatan kin tashi lafiya, ke da iyali duka. Ni ma da sauƙi, in ji masu ganina.

Kin ji dai an ƙi roƙon. Alƙalin bai yi faɗa ba. Ya ce yana girmama dattawa, amma jiran dattawa ba dalili ba ne a wurin doka, tunda ba abin da ya hana a shigar da takarda sannan a zauna. Ya ce a riƙa kawo min ita dogon hutu. Ba a ma buɗe maganar wa ya goya ta, wa ya kwana da ita a asibiti ba. A bakin ƙofa aka tsayar da mu.

Jiya aka miƙa ta, a ofishin rajistara. Da safe na yi mata kitso ƙanana, na ja sosai don ya daɗe, ban san wa zai taɓa kanta a can ba. Ta ji zafi amma ta daure. Izunna ya zo da sabuwar jaka, ya kasa haɗa ido da ni. Na faɗa masa maganar gyaɗa, ya rubuta a wayarsa.

Rajistara ya ba ni takardar shaidar na miƙa yarinya cikin ƙoshin lafiya. Akwai layin suna, akwai layin dangantaka da yarinya. Na rubuta uwa. Ya duba, sannan ya ce min a hankali, Malama, a yi haƙuri, dole ya dace da abin da ke cikin hukunci. Ya miƙo min biro. Na soke da hannuna, na rubuta yayar uwa, na sa hannu a gefen gyaran kamar yadda ya nuna min.

Joy na tsaye jikin kafaɗata, Yaya. Ta iya karatu sarai, ni na koya mata.

Ki gaida kowa. In ƙafar ta bar ki, ki zo.

Ƙanwarki,
Rifkatu