Irin Furen Inna da Na Binne

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya sa ciwon gwiwar nan ya lafa, ya ƙara miki sauƙi. Mu nan lafiya lau. Babbar 'yarmu ta gama makarantar jinya ta kama aiki, Auta kuma ya miƙe har ya fi ni tsawo. Uwar yara tana nan tana fama da ɗinkinta.

Yaya, na ɗauki waya ya fi sau biyar zan kira ki ina ajiyewa, don abin da zan faɗa ya fi ƙarfin bakina. Maganar irin furen Inna ce, Allah ya ji ƙanta, farin nan mai rawaya a tsakiya da kika ce sunansa dezi, wanda kika tara a bayan ɗakinta kafin a sayar da gidan, kika aiko mini bara waccan. Kin haɗo da 'yar takarda, kika ce a barbaɗa shi a kan ƙasa mai laushi, a danna da tafin hannu kawai, kada a rufe, don sai ya ga haske yake tsirowa, kuma shekarar farko ganye kaɗai zai yi. Na karanta na yi dariya. Na ce wa uwar yara shekara ashirin da shida ina koyar da aikin gona, ba ma'aikaciyar ofis ce za ta koya mini shuka ba. Ta ce in dai bi abin da kika rubuta, ba abin da zai ragu a jikina. Na ce ta koma kan kekenta. Na ja kunya uku da fartanya, ban san wata kunyar nake ja wa kaina ba. Na tona rami tsawon yatsa kamar mai shuka masara, na zuba, na rufe, na take da diddige. Sati shida ina ban ruwa safe da yamma, ko ƙwaya ɗaya ba ta leƙo ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da kika kira kina tambaya. Maimakon in ce na saɓa maganarki, sai na ce irin ya mutu tun a hannunki, wai kin ajiye shi a wuri mai danshi. Na ji muryarki ta canza. Kika ce shi ke nan, kin salwantar da abu na ƙarshe da ya rage mana na Inna, kika ba ni haƙuri. Ke kika ba ni haƙuri, Yaya, ni kuwa na karɓa, har da cewa ba komai.

Ashe ambulan da irin ya zo a ciki, wadda na jefa a kwandon shara, uwar yara ta ɗauko ta, ta kakkaɓe ɗan abin da ya maƙale a kusurwa a cikin wani ɓulallen baho bayan kicin. Guda tara suka fito, ta dasa su jikin katanga ba ta ce mini uffan ba. Wata Asabar ina gyaran wajen na sare huɗu, a zatona ciyawa ce. Ta fito a guje, tef ɗin awo a wuya, ta riƙe ƙotar fartanyar. Ranar na san gaskiya. Ta ce in kira ki in faɗa miki, na ce a bari su yi fure tukuna. A raina kuwa, Allah ya yafe mini, fata nake kada su yi, don maganata ta tsaya. Wata goma sha ɗaya ina ɗauke da wannan.

Makon jiya biyar ɗin suka buɗe, fari tas, kamar yadda muka saba gani ta tagar Inna. Maƙwabcinmu mai gyaran rediyo ya leƙo ta katanga ya ce aikin gwani daban yake, in taimaka in koya wa matarsa. Na ajiye bokitin da ke hannuna. Na ce masa ba ni ba ne, na kira uwar yara. Ta zo ta yi masa bayani dalla-dalla, ko kallona ba ta yi ba. Da ya tafi ta ce to, maƙwabci ya ji, saura mai irin.

Yaya, irinki lafiyarsa ƙalau. Ni na kashe shi da girman kaina, na ɗora miki laifin, na bar ki da baƙin ciki fiye da shekara. Ki yafe mini don Allah. Uwar yara ta ce idan kawunan sun bushe za ta aiko miki da rabonki. Ni dai ban ruwa aka bar mini, shi ma sai tana tsaye a kaina.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Goggo in kin je wajenta, da takwarana, da 'yan biyu. Uwar yara da Auta suna gaishe ki ƙwarai. Idan kin karanta ki kira ni, ko faɗa ne ki yi, zan tsaya in ji har ƙarshe.

Ƙaninki mai jiran afuwarki.