Bencinka Na Bakin Taga

Maamobi, Accra

Zuwa ga Yaya Ishaya,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kuma sanyin Italiya bai daskarar maka da hannun rubutu ba, don wata biyar ke nan ko layi ɗaya ban gani ba. Allah ya kiyaye ka, ya sa albarka a aikin gonar tumatir. Mu duk lafiya. 'Yar'uwarmu Nafi ta haihu, namiji, kunnuwansa sak naka, sai dai mu yi masa addu'a.

Maganar taron addu'armu ce ta sa na ɗauki biro. Ka san tun da marigayi Baba ya zo daga Zariya aikin gadi ya fara tara Hausawa masu bi a ɗakinmu ran Lahadi da yamma. Da ka tafi mu goma sha ɗaya ne, yau mu huɗu. Fasto ya ce in wata ya ƙare babu mai karanta mana Maganar Allah da Hausa, mu koma babbar majami'a a Adabraka. Can kuwa Turanci ne da Twi. Tsoho Gajere ya ce shekara arba'in yana Accra, amma in ba da Hausa ba, addu'a ba ta shiga masa ciki. Ni kuwa haushinka na ji, ban ɓoye maka ba. Kai ne mai karatun, ka sa ƙafa ka bar mu.

Lahadin da ta wuce dole ta sa na ɗauki Littafi Mai Tsarki na Baba. Ka san karatuna, kamar akuya a kan tsakuwa. Na kai wurin da aka tsananta wa masu bi na farko har suka watse, sai harshena ya sarƙe, gumi ya karyo mini. Nan aka kira la'asar a masallacin bayan gida, muka yi shiru kamar yadda Baba ya sabar mana, don girmama maƙwabta. Ban taɓa jin daɗin shirun nan irin na ranar ba. A cikinsa na bi layin da yatsa a hankali, na ga ashe duk inda suka watse, da bisharar suka tafi. Ba su da gini, a ɗakunan mutane suke taruwa, su ci gurasa tare, wanda ya yi nisa ya aiko wasiƙa a karanta wa kowa. Sai na tuna a wasiƙarka ta ƙarshe ka ce kana karanta wa wasu samari biyu a masaukinku. Haushin ya sauka, kewar ce ta ƙi sauka. Ina kewarka, Yaya, har cikin ƙashina.

Na faɗa wa Fasto ni zan riƙa karantawa. Ba na ce ka dawo ba. Abin da nake roƙo, ka rubuto mana duk wata, in karanta a taro, su Gajere su ji har yanzu kana cikinmu.

Nafi da mijinta suna gaishe ka. Samiratu mai koko, wadda har yau take ara mana bencinan ranar Lahadi, ta tambaya ko ta rage ɗaya tunda mun ragu. Na ce ta bar naka na bakin taga, can za mu ajiye wasiƙarka. Ka yi rubutun da manyan baƙaƙe, ka tuna wace ce za ta karanta.

Ƙanwarka,
Rifkatu