Kifin Surukai a Kantar Kowa-da-Kowa

Dona Benedita, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da zan yi da-na-sani. Ba zan faɗi sunan mijina ba, ko da yake duk unguwarmu ta Alfama babu wanda bai san Anselmo ba.

Tsohon gidan mahaifina muka mayar masaukin baƙi mai araha, na irin yaran nan da ke zuwa Lisbon goye da jakar da ta fi su girma. Gadaje masu hawa biyu, kicin ɗaya, firji ɗaya. Anselmo mutum ne mai son doka, kuma babbar dokarsa ita ce duk abin da aka sa a firji sai an rubuta suna a kai. Ranar Juma'a yakan kwashe duk abin da ba shi da suna ya jera a kantar kowa-da-kowa, mai so ya ɗauka. Can ake samun rabin taliya da guntun cuku na waɗanda suka tafi.

To, iyayen saurayin 'yarmu Filipa za su zo cin abinci ranar Lahadi, zuwansu na farko. Na sayi bakalyau mai kauri, busasshen kifin nan da sai ya kwana biyu a ruwan sanyi kafin gishirinsa ya fita. Firjinmu na sama, inda muke zaune, ƙarami ne, sai na sauko da shi firjin baƙi na ƙasa a cikin shuɗin kwanona. Wannan kwano uwar Anselmo ce ta ba ni ranar aurenmu, ya san shi kamar yunwar cikinsa. Juma'a na yi, bawan Allah ya ɗaga kwanon, ya duba gefe da gefe, bai ga suna ba, ya ɗora a kanta.

Wasu samari biyu 'yan Ostireliya suka ga banza ta faɗi. Suka soya shi da gishirinsa, suka lafta masa miyar tumatir ta kwalba, suka wuni suna ɗirkar ruwa, har da yi mini godiya a kan matakala. Sai ranar Asabar da yamma na gane, lokacin jiƙa wani ya wuce. Ranar Lahadi kazar kanti na ajiye wa surukai. Uwar yaron, Dona Graciete, ta tauna a hankali, ta ce ai kazar wannan shagon kullum tana da daɗi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Har yau bai ba ni haƙuri ba. Wai doka doka ce, in ya ɗaga wa matarsa ƙafa da wane ido zai kalli baƙi. Haushi ya sa na kwashe matashina na koma ɗakin 'yan mata baƙi, gadon sama, da wannan gwiwar tawa. Yarinyar da ke ƙasana munsharinta ya ninka nasa, na yi gudun gara na faɗa gidan zago. Raina a ɓace yake ƙwarai. In koma ɗakina, ko in tafi wurin yayata a garin Setubal?

Matar Mai Doka, Alfama

'Yar'uwata, na yi dariya, amma na ji zafin da kika ji. Ba kifin ne ya fi ƙona miki rai ba. Mutumin da kuka tsufa tare ne ya riƙe kwanonki a hannu ya yi kamar bai taɓa ganinsa ba.

Mijinki bai kyauta ba. An yi dokar suna ne domin baƙin da ba su san juna ba, kuma ba don ita ba da kullum ana dambe a kan madara. Amma wanda ya gane mai kaya ba ya bukatar rubutu, hawa matakala kawai zai yi ya tambaye ki. Ke ma da naki. Kin san halin kayanki, kin san Juma'a na tafe, kuma na tabbata alƙalami na rataye a jikin firjin nan. Ina zargin so kika yi ya gane da kansa. Mai irin wannan miji ba ta gwada shi da abincin surukai.

Kada ki je Setubal, harshe da haƙori ma suna saɓawa. Ki fara saukowa daga gadon sama kafin ki ƙara karaya a kan ɓacin rai. Sannan ki gindaya masa taki dokar, tunda yaren da yake ji ke nan: shi zai sayo wani kifin, shi zai riƙa canja masa ruwa, shi zai kira Dona Graciete ya sake gayyatarsu, kuma a kan tebur ya ba da labarin da bakinsa. Wannan shi ne ban haƙurin irinsu. Ita kuwa Graciete, kada ta dame ki, ba za ta rasa nata labarin mijin ba.

Abu na ƙarshe, kin bar bawan Allah a sama shi kaɗai babu suna a jikinsa, ga shi Juma'a ta kusa. Ki hau ki ɗauki kayanki kafin ya bi doka ya ɗora kansa a kanta. Allah ya sanya alheri a auren Filipa, ya huci zuciyarki.

Dona Benedita