Gwiwoyin Aladun Mama

Ƙanena Bitrus,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Mama, yaya Saratu da yara, yaya damina? Ni lafiya lau, sai zafin Riyadh da aikin asibiti.

Hoton aladun Mama da ka turo ya hana ni sakat. Kumburin gwiwoyin nan ba ƙarami ba ne, ga shi a garin nan ko sunan alade ba a ambata, balle in sami wanda zan tambaya. Da abin ya ishe ni, na yanke hoton na bar ƙafar kawai, na kai wa wani likitan dabbobi Basudane a unguwar Shifa. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Baiwar Allah, wa ya aske miki tunkiya haka?" Ya yi murmushi, ya ce ko ma mece ce, a kan siminti take kwana.

Bitrus, daɓen nan da ka yi musu don maƙwabta su ga tsafta, kake kwara masa ruwa safe da yamma, shi ke cin gaɓoɓinsu. Ka shimfiɗa musu busasshiyar ciyawa mai kauri, ka bar makwancinsu a bushe. Wadda ta kasa tashi a kira mata likita, kada ka tsaya shafa man zafi. Mama ba ta da abin dogaro sai su.

Ka gaida Baba Yohanna, ku sa ni a addu'a. Kafin ka ce na cika mita, ka yi kwana ɗaya kawai a kan daɓen nan, sannan ka rubuto mini.

Yayarka,
Ladi